Rage Maganin Homon ko Daina Shi Bayan Ɗaukewar Al'ada: Tambayoyi da Amsoshi

Yayata tana da shekara 42 aka cire mata mahaifa da ƙwayayen haihuwarta biyu saboda faibroid, wato ƙarin da ke fitowa a mahaifa, likita ya ɗora ta kan maganin homon, wanda a asibiti ake kira HRT. Ta yi shekara biyar tana sha lafiya lau. Da kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo sai ta ajiye shi, ba ta gaya wa kowa ba. Bayan mako uku na kwana gidanta a Tudun Wada, wajen ƙarfe biyu na dare na fito na tarar da ita zaune a tsakar gida kan tabarma, mafici a hannu, rigarta ta jiƙe sharkaf. Na ce, "Yaya, ko zafin gari ne?" Ta ce, "Ke dai bari. Wannan daga ciki yake tasowa, kamar an hura min gawayi a ƙirji." Tun daga ranar nake tattara tambayoyin da ita da ƙawayenta suke yi kan rage maganin nan ko barinsa. Ga su nan da amsoshinsu.

Me maganin yake yi a jiki tun farko?

Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ana cewa ta ɗauke ne idan an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. A lokacin ƙwayayen mace sun daina samar da sinadarin istrojin kamar da. Raguwarsa ce ke kawo zafin da ke tasowa kwatsam, gumin dare, rashin barci, saurin fushi, ciwon gaɓoɓi da bushewar gaba. Maganin yana mayar wa jiki wani kaso na abin da ya rasa, ko ta ƙwayar sha, ko filastar da ake mannawa a fata, ko man shafawa.

Iri biyu ne, kuma ki riƙe bambancin domin zai dawo a gaba. Wadda aka cire wa mahaifa istrojin kaɗai ake ba ta. Wadda mahaifarta ke nan dole a haɗa mata da sinadari na biyu, furojestron ko danginsa, saboda istrojin shi kaɗai yana sa bangon mahaifa ya yi ta kauri har ya iya rikiɗewa ya zama sankara.

An ce ba a wuce shekara biyar ana sha. Gaskiya ne?

Babu wata ranar da aka yanke wa kowace mace. Amma tsoron yana da tushe, kuma ya kamata ki san inda ya faro.

A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani sashe na babban binciken lafiyar mata na Amurka da ake kira WHI, wanda ya ƙunshi mata sama da 16,000 masu shan homon biyu a haɗe ko maganin bogi don kwatanci. An ga ƙarin sankarar mama, gudan jini a jijiya da shanyewar ɓarin jiki a cikin masu shan maganin. Labari ya game duniya, mata da yawa suka watsar da shi dare ɗaya, likitoci ma suka ja baya da rubutawa. Abin da bai yi tafiya mai nisa kamar labarin farko ba shi ne matsakaicin shekarun matan binciken 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina al'ada kafin a fara ba su. Da aka sake duba alƙaluman bisa shekaru, sai aka ga cewa ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko wadda ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfanin ya fi haɗarin yawa. A ɗaya sashen kuma, na matan da aka cire wa mahaifa masu shan istrojin kaɗai, ba a ga ƙarin sankarar mama ba.

Haɗarin dai na gaske ne, sai dai a san girmansa. A ƙididdigar Birtaniya, cikin mata 1,000 masu shekara 50 zuwa 59, kusan 23 ne za su kamu da sankarar mama a cikin shekara biyar ko ba su sha komai ba. Shan homon biyu a haɗe yana ƙara kusan 4 a kan wannan. Yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar sha, yana kuma raguwa sannu a hankali bayan an daina. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ba ta sa wa'adi ba a jagorar da ta fitar a 2015. Abin da ta ce shi ne a duba mace bayan wata uku da farawa, daga nan kuma duk shekara ta zauna da likitanta su auna ko a ci gaba, ko a rage, ko a bari. Wannan zaman na shekara-shekara shi ne abin da nake ganin mun fi sakaci da shi. Mace ta karɓi takarda sau ɗaya, ta yi ta nuna wa mai kemis ita tsawon shekaru, ba awon hawan jini, ba duba mama.

In na yanke shawarar bari, in tsaya lokaci ɗaya ko in rage a hankali?

Duka biyun ana yi, kuma tsayawa lokaci ɗaya ba ya kisa. Bambancin a watannin farko yake: wadda ta rage a hankali zafin ba ya dirar mata gaba ɗaya kamar yadda ya dirar wa Yaya. Idan an yi nisa kuma, hanyar da aka bi ba ta canza ko alamomin za su dawo ko ba za su dawo ba. Ni dai ragewa a hankali na fi so wa mace, domin tana ba ta damar gane inda jikinta ya tsaya. Wata ta sauko zuwa rabin abin da take sha ta ji daidai, ta zauna nan.

To yaya ake ragewar?

Yawanci cikin wata uku zuwa shida ake yi, mataki-mataki, ana tsayawa makonni a kowane mataki. Mai shan ƙwayar istradiyol, wato wani nau'in istrojin, miligiram 2 ta koma 1, mai filasta mai lamba 50 ta koma 25, mai shafa mai ta rage yawan matsawa. Kada ki datsa filasta da almakashi sai kin tambaya, ba kowace iri ce ake yankawa ba.

Ga kuskuren da ya fi tayar min da hankali. Wata tana da kwali biyu, na istrojin da na furojestron, kuɗi ya gaza, sai ta ce bari ta sayi wanda ke kashe zafin ta bar ɗayan tunda ba ta jin aikinsa a jiki. Idan mahaifarki tana nan, wannan shi ne abin da ba a yi. Wanda ba kya jin aikinsa shi ke tsare bangon mahaifa. Muddin istrojin na shiga jikinki ta baki ko ta fata, abokin tafiyarsa ma sai ya shiga, a bar su tare ranar da za a bari.

Sai maganar lokaci, wannan kuma shawarata ce ta 'yar Kaduna. Kada ki fara ragewa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da gari ke tafasa, ɗaki ba wuta, fanka a tsaye. Ki bari damina ta kankama ko hunturu ya shigo. Haka kuma kada ki haɗa shi da hidimar aurar da 'ya ko wata babbar ɗawainiya da za ta hana ki barci dama.

Zafin zai dawo?

Kusan rabin matan da suka daina yakan dawo musu, wasu kaɗan na 'yan makonni, wasu da ƙarfinsa. Maganin ba ya ɗage ɗaukewar al'ada zuwa gaba, kamar yadda wasu ke cewa wai bashi ne za a biya daga baya. Yana rufe alamomin ne a lokacin da suke nan, in kin bari alhali lokacinsu bai wuce ba sai ki gan su. Kuma lokacin nasu ya fi yadda aka daɗe ana zato tsawo. Wani bincike na Amurka mai suna SWAN ya bayyana a 2015 cewa matsakaicin tsawon zafin da gumin dare ya haura shekara bakwai, a wurin baƙaƙen fata kuwa ya kai shekara goma. Don haka wadda ta daina ta ga abin ya dawo ba rashin haƙuri ke damunta ba. Idan an yi wata uku abin bai lafa ba, yana hana ki barci ko aiki, ki koma wurin likita. Komawa kan ƙaramin kaso abu ne da ake yi.

An cire min ƙwayaye tun ina ƙasa da shekara 45. Ni ma in bari bayan 'yan shekaru?

A'a, naki daban ne, kuma irin naki yana da yawa a nan saboda yawan faibroid da tiyatarsa. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, balle kafin 40, ko da kanta ko ta hanyar tiyata, shawarar likitoci ita ce ta ci gaba da maganin aƙalla har ta kai shekarun da da ma al'ada ke ɗaukewa, wajen 51, sai fa in akwai dalilin da ya hana, kamar sankarar mama. Abin da jikinta ya kamata ya ci gaba da samarwa da kansa ake mayar mata. Rasa shi da wuri yana cinye ƙashi ya bar shi mai saurin karyewa, yana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya. Alƙaluman tsoro na 2002 a kan mata 'yan shekara 50 zuwa 79 aka tattara su. Yaya shekararta 47 lokacin da ta bari, saura mata shekara huɗu kenan aƙalla. Likita ya mayar da ita a kai.

Ga kowa ma, kariyar da maganin ke ba ƙashi tana tafiya bayan an daina. Wadda ta taɓa karaya daga 'yar faɗuwa, ko mahaifiyarta ta taɓa karyewa a ƙugu, ko ta daɗe tana shan magungunan sitiroyid, ta faɗa wa likita kafin ta bari.

Yaushe ne dole in tsaya nan take?

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa na ciwo. Idan numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya soke kwatsam. Idan baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko ɓarin jiki ya yi sanyi, ko wani ciwon kai mai tsanani da ba ki saba ba ya zo. Idan ido ya yi rawaya irin na shawara. A duk waɗannan ki ajiye maganin ki nufi asibiti a ranar. Ƙullutu a mama kuma a duba shi ba tare da ɓata lokaci ba. Idan za a yi miki babbar tiyata ki faɗa tun da wuri, domin akan dakatar da ƙwayar sha mako huɗu zuwa shida kafin aiki. Ƙwayar sha ce ke ƙara haɗarin gudan jini, filasta da man shafawa a kasonsu na yau da kullum ba a ga suna ƙarawa ba, shi ya sa wata maimakon ta bari sai a sauya mata zuwa na fata.

Na daina, sai na ga jini. Al'ada ce ta dawo?

'Yan kwanakin farko bayan barin maganin ana iya ganin ɗan jini. Wanda ya zo bayan haka, ko ɗigo ne, ga macen da al'adarta ta riga ta ɗauke, sai an yi mata hoton mahaifa. Na san tambayar farko da ke zuwa zuciya ita ce ta sallah, haila ce ko istihala. Ki tambayi malamai hukuncin, amma ki je asibiti a makon. Galibi abin ba mai tsanani ba ne, sai dai da haka sankarar bangon mahaifa ke fara nuna kanta, kuma idan an kama ta da wuri tana warkewa sosai.

Bushewar gaba fa?

Wannan ce alamar da ba ta wucewa da kanta. Zafi yana lafawa da shekaru, ita kuwa ƙaruwa take yi: raɗaɗi wajen kwanciyar aure, ƙaiƙayi, yawan fitsari da ciwon mafitsara a kai a kai. Mata da yawa kunya ke hana su faɗa, sai su koma ga masu kayan mata, a ba su abin matsi wanda ba su san me ke ciki ba, a kan fatar da ta riga ta yi siriri tana saurin tsagewa. Akwai istrojin na gaba kawai, mai ko ƙwayar sakawa, wanda abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ana iya barin babban maganin a ci gaba da wannan shekaru masu yawa, kuma ba ya buƙatar furojestron. Wadda ta taɓa sankarar mama ta fara shawara da likitan da ke kula da ita.

Idan ba zan iya ci gaba ba, saboda kuɗi ko saboda lafiya, akwai madadi?

Akwai, ko da yake babu wanda ya kai istrojin kashe zafi. Likita na iya rubuta wasu magungunan damuwa irin su benlafaksin a ƙaramin kaso, ko gabafentin, musamman ga mai gumin dare. Mai shan tamoksifen saboda sankarar mama ta ambata, domin wasu daga cikin magungunan damuwar suna rage masa ƙarfi. Rage ƙiba yana taimakawa, haka sa tufafin auduga marasa nauyi da lura da abin da ke tayar miki da shi, wata yaji ne, wata shayi mai zafi da dare. Idan kuɗi ne matsalar, ki faɗa wa likita baro-baro. Sau da yawa akwai wani mai araha da ke aiki iri ɗaya, ko ƙaramin kaso da zai wadatar.

Maganin yana hana ɗaukar ciki?

Ba ya hanawa. Wadda jininta na ƙarshe ya zo kafin shekara 50 ana ɗaukar tana iya samun ciki har shekara biyu bayansa, wadda ta haura 50 kuma shekara ɗaya.

Wa zan gani a Kaduna?

Likitan mata. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ga na ɓangaren Zariya. Ki tafi da kwalayen maganin kansu, ba sunansu da ka ba, tare da takardar tiyata in an taɓa yi miki, domin mata da yawa ba su san ko mahaifa kaɗai aka cire musu ko har da ƙwayaye ba, kuma shawarar da za a ba ki ta rataya ne a kan wannan.