Wasiƙar lauya ta zo kan sunan shafinka na intanet: me doka ta ce, me mutane suka ƙara mata?

A watan jiya wani ƙanena mai gyaran wayoyi da sayar da kayansu ya shigo wurina bayan sallar isha'i, ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, ɗaure ni za su yi?" Shekara uku ke nan da ya buɗe ɗan shafinsa na intanet, kuma a cikin sunan shafin akwai sunan kamfanin da ke ƙera wayoyin da ya fi gyarawa. Ranar nan sai ga imel daga lauyoyin kamfanin, da Turanci mai tsauri, sun ba shi kwana bakwai ya miƙa sunan. Kafin ya iso gidana abokan sana'arsa sun gama yi masa shari'a a kasuwa. Wani ya ce gidan yari ne. Wani ya ce tarar dala dubu 100 ce. Wani ya ce ai kakarsa ce ta yanke saƙa, ya tsuga musu kuɗi ya sayar. Na huɗun ya ce ya yi banza da su, tunda da kuɗinsa ya yi rajista babu mai taɓa shi.

Duka huɗun sun yi kuskure, amma na ukun da na huɗun su suka fi ba ni tsoro, domin su ne shawarwarin da ke da daɗin ji, kuma su ne ke raba mutum da sunansa.

Duk wanda ya yi rajistar suna mai ƙarewa da .com ko .net ko .org, ko sababbin nan irin su .shop da .online, ya riga ya sa hannu a wata ƙa'ida ko da bai karanta ba. Tana cikin dogon rubutun nan da muke danna amincewa a kai. Sunanta UDRP, kuma hukumar ICANN mai kula da tsarin sunayen intanet ce ta kafa ta a 1999, lokacin da 'yan kama-wuri-zauna suka addabi kamfanoni: mutum ya riga kamfani yin rajistar sunansa, ya zauna yana jiran a zo a fansa. Ba majalisar wata ƙasa ce ta yi ta ba, yarjejeniya ce tsakaninka da kamfanin da ya yi maka rajista. Ba a kotu ake sauraron ƙarar ba, ana kai ta ne gaban cibiyoyin da ICANN ta amince da su, mafi shahara a cikinsu ita ce ta WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha da ke Janeba. Komai a rubuce ake yi, babu tsayuwa gaban alƙali. Sunayen ƙasashe kuwa kowanne da tsarinsa, namu na .ng yana hannun ƙungiyar NiRA, tana da tata ƙa'idar sasanci.

Masu yanke hukunci a ƙarƙashin UDRP abu biyu kaɗai aka ba su ikon yi: su ce a mayar da sunan hannun mai ƙara, ko su ce a soke shi. Ba su da ikon cin ka tara ko ta sisin kwabo, ba su da ikon sa ka biya kuɗin lauyan abokin shari'arka, balle su aika ka kurkuku. Wannan shi ne abu na farko da na gaya wa ƙanen nawa, kuma sai da na maimaita masa sau biyu kafin ya zauna.

Kamfani ba ya cin shari'ar don kawai sunan ya yi kama da nasa. Sai ya tabbatar da abu uku a haɗe, idan ɗaya ya faɗi ƙarar ta faɗi. Na farko, sunan shafin daidai yake da tambarin kasuwancinsa, ko ya yi kama da shi har a iya ruɗewa. Wannan ba ya musu wuya. Na biyu, kai ba ka da wani haƙƙi ko halattacciyar manufa a kan sunan. Na uku, da mugun nufi ka yi rajistarsa, kuma da mugun nufi kake amfani da shi.

A sharaɗi na biyu ne ƙaramin mutum ke samun wurin tsayawa. Idan tun kafin ka ji labarin rigimar kana sana'a ta gaskiya da sunan, ko da shi aka san ka, ko kana amfani da shi ba don neman kuɗi ba kuma ba don yaudarar masu ziyara ba, ƙa'idar da kanta ta ce kana da hujja. A 2001 kamfanin da ke riƙe da tambarin Armani, masu tufafin nan na Italiya, ya kai ƙarar wani mai zane mazaunin Kanada kan armani.com. Sunan mutumin A.R. Mani, kuma da shi ya daɗe yana aiki. Kamfanin ya sha ƙasa. Haka nan tambari ba ya mallaka wa kamfani kalma a kowane fage. Rajistar tambari rukuni-rukuni ake yin ta, rukunan kaya da ayyuka 45 ne, shi ya sa akwai Delta mai jiragen sama da Delta mai kawunan famfo a Amurka, kowa na cin kasuwarsa.

Sharaɗi na uku yana da wata 'yar kalma da ta fi kowace nauyi, wato "kuma". Dole mugun nufin ya kasance tun ranar rajista, sannan ya ci gaba a wajen amfani. Idan ka yi rajistar sunanka a 2015, wani kamfani ya ɓullo da irin sunan a 2020, ta yaya za a ce ka yi niyyar cutar abin da bai wanzu ba? Galibin masu hukunci a nan suke watsi da ƙara, kuma sabunta rajistar da kake yi duk shekara ba ya mayar da ita sabuwa. Sai dai idan sayen sunan ka yi daga hannun wani, ana lissafi ne daga ranar da ya shigo hannunka. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna jingina da tsufan sunan da ba su suka fara riƙe shi ba. Kuma ajiye suna babu komai a kansa ba kariya ba ce. Tun a shekarar 2000, a ƙarar da kamfanin sadarwa na Telstra na Ostareliya ya shigar, aka yanke cewa riƙe sanannen suna kawai ana zaune na iya zama mugun nufi.

Yanzu ga shawarar nan ta "tsuga musu kuɗi". A cikin misalan mugun nufi da ƙa'idar ta lissafa, na farko shi ne a ga alamar cewa babban dalilinka na yin rajista shi ne ka sayar wa mai tambarin, ko abokin gogayyarsa, a kan kuɗin da ya wuce abin da ka kashe. Sayar da suna ba laifi ba ne a karan kansa, ana cinikin sunaye kullum. Amma lauyoyin kamfani sun san wannan saɗarar kamar yunwar cikinsu. Sau da yawa sukan yi maka tayin 'yan kuɗin rajista, ranka ya ɓaci, ka mayar da amsa da farashi mai tsoka, shi ke nan ka rubuta musu shaida da hannunka.

Haka ta faru da Mike Rowe, ɗalibi ɗan shekara 17 a Kanada, wanda ya buɗe shafin MikeRoweSoft.com, sunansa na yanka ne ya ƙara wa kalma ɗaya, idan an faɗa sai ya yi amo da Microsoft. Lauyoyin kamfanin suka yi masa tayin dala 10. Ya ji haushi ya ce sai dala dubu 10. Sai ga doguwar wasiƙa tana zarginsa da cewa dama don ya tatsi kamfanin ya yi. A farkon 2004 labarin ya watsu, jama'a suka goya wa yaron baya, Microsoft ya sassauto, aka sasanta, ya miƙa sunan aka ba shi na'urar wasa ta Xbox da horo da wasu kyaututtuka. Kafafen labarai na duniya ne suka cece shi. Mai shago a Farm Centre ko Kantin Kwari ba shi da wannan gatan.

To ina aka samo maganar dala dubu 100 da gidan yari? Ba ƙirƙira aka yi ba, dokoki ne daban aka cakuɗa. Amurka tana da dokarta ta 1999 kan kama-wuri-zauna, wadda ta ba kotu damar sa diyyar dala 1,000 zuwa 100,000 kan kowane suna. An taɓa amfani da ita da ƙarfi: a 2008 kotu ta ba kamfanin Verizon diyyar sama da dala miliyan 33 a kan wani kamfani da ya yi rajistar sunaye 663 masu kama da nasa. Dubi adadin da kyau, sana'a ce mutanen suka mayar da abin. Wannan shari'ar kotu ce mai tsada, kuma dokar ma tana buƙatar a tabbatar da mugun nufin cin riba.

A gida kuma akwai sashe na 25 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wanda ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Ba zan ce a raina wannan sashe ba. Amma a karanta kalmominsa: yana maganar wanda ya ɗauki suna ko tambarin wani da gangan, ba da izini ko haƙƙi ba, da nufin kawo wa mai shi cikas wajen amfani da shi. Laifi ne da sai an gurfanar da mutum, mai gabatar da ƙara ya tabbatar da niyyar, kotu ta yanke. Lauyan kamfani ba ya ɗaure kowa da imel.

Shawara ta huɗu, ta yin banza da su, ita ce ta fi cin mutane. Wasiƙar lauya ba ta tilasta maka komai, amma idan aka shigar da ƙara ta gaske, kamfanin rajista zai kulle sunan, kuma kwana 20 gare ka ka mayar da amsa, da ƙarin kwana 4 idan ka roƙa. Sanarwar tana zuwa ne ta adireshin da ka bayar ranar rajista. Nawa ne a cikinmu suka bar wani yaro mai haɗa shafuka ya yi musu rajista da imel ɗinsa, yau ko lambarsa ba su da ita? Idan ba ka amsa ba, mai hukunci zai duba takardun ɓangare ɗaya ne, kuma mafi yawan irin waɗannan ƙararraki da miƙa suna suke ƙarewa. Risidin biyan kuɗin rajista ba hujjar mallakar tambari ba ne. Takardar rajistar sunan kasuwanci ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, tana taimakawa wajen nuna da sunan aka san ka, amma ita ma ba rajistar tambari ba ce. Wannan ofishinsa daban a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa ta ƙungiyar OAPI da ke Yawunde suke yin tasu.

Ina ganin an yi ƙa'idar UDRP da kyakkyawar niyya, kuma ta kori ɓarayin suna da yawa, har da masu buɗe shafukan bogi na bankuna. Amma ma'auninta ya karkata. Mai ƙara shi ke zaɓen cibiyar da zai kai ƙara da lokacin da ya shirya, ya biya WIPO dala 1,500, kuɗin da ba komai ba ne a wurinsa. Kai kuma kwana 20, cikin harshen yarjejeniyar rajista, wanda kusan kullum Turanci ne. Idan kana son mutum uku su duba maimakon ɗaya, sai ka biya rabin dala 4,000. Idan ka faɗi, kwanakin aiki 10 gare ka ka garzaya kotu kafin a miƙa sunan, kuma kotun na iya zama ta garin da kamfanin rajistar yake, wataƙila a Amurka. Idan kuma aka gano kamfanin ne ya shigar da ƙara da mugun nufi don ya ƙwace suna, abin da ake yi masa shi ne a rubuta hakan a cikin hukunci, ba ya biyan ka ko taro. Ko wanda ya yi nasara a kotu yakan fito a jigace. Uzi Nissan, ɗan kasuwar kwamfuta a Amurka, ya yi rajistar nissan.com da sunan gidansu a 1994, kamfanin motoci na Nissan ya kai shi kotu a 1999, ya shafe shekaru yana kare kansa kafin a bar masa, kuma yana riƙe da sunan har rasuwarsa a 2020.

Game da ƙanen nawa, hukuncin da ya shafe shi shi ne na kamfanin Oki Data na 2001, wanda har yau ake auna masu gyara da masu sayar da kayan wani kamfani da shi. An yarda su sa sunan kamfanin a sunan shafinsu idan da gaske kayan suke sayarwa, kuma kayan kamfanin kaɗai, sannan sun bayyana a fili mene ne alaƙarsu da kamfanin, kuma ba su kwashe sunaye da yawa sun toshe wa mai tambari hanya ba. Muka buɗe shafinsa tare. Tambarin kamfanin na nan ɓaro-ɓaro a sama, babu inda ya rubuta cewa shi ba wakilinsu ba ne, ga kuma batura da cazojin wasu kamfanoni a jere. Sharuɗɗa biyu sun faɗi, kuma gyara bayan zuwan wasiƙa ba ya goge abin da suka riga suka ɗauki hotonsa. Na ce masa, "Ƙanena, ba mai ɗaure ka, amma wannan shari'ar ba taka ba ce."

Washegari muka je wurin wani lauya da ya san harkar, ya rubuta amsa mai ladabi, babu maganar farashi a ciki, ya nemi a ba shi lokaci ya kwashe kayansa ya sanar da abokan cinikinsa. Suka ba shi wata biyu. Ya yi rajistar sabon suna da sunan shagonsa, wannan karon da imel ɗinsa na kansa.