Binciken Kifin Tekun Sanyi da Tsarin Kamunsa

Kifin tekun sanyi shi ne kifin da ke rayuwa a tekunan da ruwansu ba ya cika wuce digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, kamar arewacin Atlantika, tekun Barents da ke arewa da Norwe da Rasha, tekun Bering tsakanin Alaska da Rasha, da ruwan da ya kewaye Antatika. Daga cikinsu akwai kod, da shawa, da taitus, da wanda ake sayarwa da sunan panla. Mafi yawan kifin ƙanƙara da ake saukewa a kwali a Kano, a rarraba shi zuwa kasuwanni irin su Wudil da Gujungu, daga irin waɗannan ruwaye yake fitowa, haka ma busasshen kod na Norwe da kawunansa. Aikin masu binciken fannin shi ne su ƙiyasta yawan kifin da ido bai gani ba, su san shekarunsa, sannan su faɗi nawa za a ɗiba a bana ba tare da an kashe iri ba.

Halittar kifin

Sanyi yana jinkirta girma. Tarwaɗar kiwo takan kai kilo ɗaya cikin wata shida ko kusa da haka, karfasa kuma ta fara ƙwai kafin ta cika shekara. Kod na tekun Barents sai ya shekara shida zuwa tara kafin ya fara hayayyafa. Saboda haka ɓarnar da aka yi wa garke a shekara guda takan ɗauki shekaru goma ko fiye kafin ta warke.

Babbar macen kod tana zubar da ƙwai miliyoyi a kaka ɗaya, ƙanana masu yawo a saman ruwa. Kusan duka mutuwa suke yi. Abin da ya tsira daga haihuwar shekara guda shi masana ke ɗauka a matsayin tsara ɗaya, kuma tsara mai albarka tana iya ninka maras albarka sau goma ko fiye.

Ruwan teku yana daskarewa a wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili. A ƙarshen shekarun 1960 Arthur DeVries ya gano cewa jinin kifayen Antatika na ɗauke da wani furotin da ke manne wa ƙwayoyin ƙanƙara ya hana su girma.

Tarihin binciken

A ƙarshen ƙarni na 19 masuntan arewacin Turai sun yi ta kukan cewa kifi na ɓacewa wasu shekaru, ya dawo wasu. Ra'ayin da ya fi rinjaye a lokacin shi ne kifin ƙaura yake yi zuwa wani ruwa. Wannan damuwa na cikin abin da ya sa aka kafa majalisar binciken teku ta ƙasa da ƙasa, ICES, a Kofanhagen a 1902, wadda har yau ita ke ba ƙasashen yankin shawarar adadin kamu.

Johan Hjort, masani ɗan Norwe, shi da abokan aikinsa a Bergen suka warware matsalar. Sun tara ɓawon jikin shawa dubbai, shekara bayan shekara, suna ƙirga zoben da ke jikinsa. Sai suka ga cewa kifin da aka haifa a 1904 shi ne ya cika raga tsawon shekaru masu yawa: bana a same shi ɗan shekara huɗu, baɗi ɗan biyar, har ya tsufa. A 1914 Hjort ya bayyana cewa hawa da saukar kamu daga ƙarfin tsara yake zuwa, kuma makomar tsara tana yankewa ne a kwanakin farko, lokacin da jaririn kifi ya cinye gwaiduwarsa yake buƙatar samun abinci a ruwa nan take. A 1957 Raymond Beverton da Sidney Holt na cibiyar Lowestoft a Ingila suka fitar da lissafin da ya haɗa girma, mutuwa, faɗin idon raga da ƙarfin kamu wuri guda.

Yadda ake sanin shekarun kifi

A cikin kan kifi, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai tsakuwoyin kunne guda shida, uku a kowane gefe. Babbar ake cirowa. Ana tsaga kan da wuƙa, a zaro ta da hantsaki, a wanke, a busar, a sa a ambulan da aka rubuta tsawon kifin, nauyinsa, jinsinsa da wurin kamu. A ɗakin bincike sai a karya ta ta tsakiya ko a yanka ta siriri, wani lokaci a ɗan gasa fuskar a harshen wuta don zoben su fito, a duba da madubin ƙara girma. Lokacin zafi, da kifi ke cin abinci sosai, yana barin zobe mai duhu. Hunturu yana barin mai haske. Biyun tare shekara ɗaya ke nan.

Kuskure na shigowa ta hanya biyu. Yunwa ko ƙaura kan bar zoben ƙarya, a ƙara wa kifi shekara. A tsohon kifi kuma zoben baki-baki suna matsewa har a kasa rarrabe su, a rage masa shekaru. Na biyun ya fi haɗari, domin idan aka ɗauki kifi mai tsawon rai a matsayin mai saurin girma, lissafi zai ba da izinin kamun da ya wuce ƙarfinsa. Shi ya sa cibiyoyi ke musayar tsakuwoyi iri ɗaya, masu karatu daban-daban su karanta a gwada. A kifin ruwan Haɗejia wannan karatu ya fi wuya, don babu hunturu mai tsananin da zai bar alama ƙarara.

Ƙidaya a teku

Jirgin bincike yana jan raga iri ɗaya, a watanni iri ɗaya kowace shekara, da gudu iri ɗaya, galibi na rabin awa a kowace tasha. Ana auna tsawon kifin da ya fito, a ciri tsakuwar kunnen wasu daga kowane rukunin tsawo. Ko ƙaramin canji a igiya ko bakin raga yana ɓata kwatancen shekaru, don haka sabon jirgi sai an ja shi kafaɗa da kafaɗa da tsohon kafin a amince da alƙalumansa.

Kifin da ke tafiya garke a tsakiyar ruwa, kamar shawa, da na'urar amo ake auna shi: tana aika sauti ƙasa, jakar iskar cikin kifin ta maido da shi. Taitus ba shi da wannan jaka, amonsa ba ya da ƙarfi. Saboda haka tun 1977 ake tace ruwa ana ƙirga ƙwansa duk bayan shekara uku, a lissafa yawan iyayen da suka zubar da shi.

Rugujewar kod na Niyufanlan

A 1968 an kama kod kusan tan 810,000 a tekun Niyufanlan da ke gabashin Kanada, mafi yawansa manyan jiragen ƙasashen waje suka kwasa. A 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta zuwa mil 200 na teku, ta kori baƙi, ta gina nata jiragen. Lissafin hukuma ya dogara sosai kan yawan abin da manyan jirage ke samu a kowane ja, kuma wannan adadi bai faɗi ba. Dalilin shi ne kod yana taruwa wuri guda yayin da yake raguwa, jirage masu na'ura kuma suna bin taron. Duk masuncin da ya ga kududdufi na ƙafewa a fadama da rani ya san cewa ranar da koma ta fi cika ba ita ce ranar da kifi ya fi yawa ba. Ƙananan masuntan gaɓa sun yi gargaɗi tun tsakiyar shekarun 1980 cewa kifi na raguwa yana kuma ƙanƙancewa, ba a ba maganarsu nauyin da ya kamata ba. Ranar 2 ga Yuli 1992 ministan kamun kifi John Crosbie ya sanar da rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. An ce na shekara biyu ne. Sai a 2024 aka sake buɗe shi, da tan 18,000 kacal. Ana saɓani kan rabon sanyin ruwa da dabbobin teku masu cin kifi a wannan rugujewa, amma mafi yawan masana sun ɗora nauyin kan yawan kamu.

Hanyoyin sarrafawa

Tushen tsarin shi ne ƙayyade jimillar tan da za a kama a shekara, a raba wa ƙasashe da jirage. Norwe da Rasha suna yin haka tare a tekun Barents tun tsakiyar shekarun 1970. Idon ragar kod a can ba ya gaza milimita 130, kifin da bai kai santimita 44 ba ƙarami ne a doka, kuma idan ƙanana suka yi yawa a kamu ana rufe wurin nan take. Norwe ta hana zubar da mataccen kod a teku tun 1987, domin kifin da aka zubar ba ya shiga lissafi. Duk da haka jimillar kason kod na tekun Barents ta sauko daga tan miliyan ɗaya a 2013 zuwa 340,000 a 2025, bayan jerin tsararraki marasa ƙarfi.

A ɓangaren taitus kuwa, tun wajen 2010 ƙasashen da ke kama shi sun kasa daidaitawa kan rabo, jimillar kasonsu na wuce shawarar ICES.

Rufe ruwa na wani lokaci da hana raga mai ƙaramin ido ba baƙon abu ba ne a fadamar Haɗejia da Nguru, inda sarkin ruwa ke hana kamun kifi a wasu tafkuna har ranar buɗewa, masunta kuma ke auna idon kalli da yatsu. Abin da tsarin tekun sanyi ya ƙara a kai shi ne rubutaccen tarihin tsawo da shekarun kifin da aka kama, wanda a Norwe ya haura shekara ɗari ana ajiye shi.