Gyare: Rarrabe Ire-irensa ta Siffofin Jiki

Gyare ƙwaro ne mai tsalle da kukan dare, daga babban rukunin da masana ke kira Orthoptera, wanda ya haɗa shi da fara da babe. Nau'o'insa da aka bai wa suna sun haura 5,000, kuma ana samunsu a kowace nahiya in ban da yankunan ƙanƙara. Bahaushe ya daɗe da raba su gida biyu: gyare, ƙaton nan mai haƙa rami a gona, da tsanya, 'yar ƙaramar da ke kwana tana kuka a lungun ɗaki. Rabon nan yana da tushe, sai dai a ƙarƙashin kowane suna akwai halittu da yawa da ba sa haihuwa da juna, kuma aikin masu nazarin ƙwari shi ne warware su ta hanyar duba gaɓoɓin jiki.

Matakan rabon suna tafiya ne daga babba zuwa ƙarami: rukuni, dangi, jinsi, sannan nau'i. Kowane nau'i yana da suna mai kalmomi biyu na Latin, ta farko sunan jinsi, ta biyu sunan nau'in. Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ne ya kafa wannan tsari ga dabbobi a 1758, kuma a lokacin ya tattara gyare da fara duka a jinsi guda, Gryllus. Waɗanda suka zo bayansa ne suka yi ta tsattsage wannan tarin, cikinsu har da Bafaranshe Lucien Chopard, wanda ya rasu a 1971 bayan ya shafe shekaru yana bayyana gyaren Afirka da Asiya.

Gyare ne ko fara?

Abin da za a fara kallo shi ne ƙahonnin kai. Na fara gajeru ne masu ɗan kauri. Na gyare sirara ne kamar zaren ɗinki, gaɓoɓinsu sun fi 30, kuma sau da yawa sun kai tsawon jiki ko sun ɗara shi. Sai kunne. Dodon kunnen fara yana gefen ciki, kusa da gindin cinyar baya, amma na gyare yana kan ƙwaurin ƙafar gaba, ɗan ƙasa da gwiwa: wata 'yar fata ce mai haske, mai siffar ƙwai, wadda ake iya gani da ido in an riƙe ƙafar a rana. A ƙarshen cikinsa kuma akwai jela biyu dogaye masu gashi, da su yake jin motsin iska idan maƙiyi ya taso masa ta baya.

Akwai wasu ƙwari masu dogon ƙaho, galibi kore shar, masu fiffike kamar ganye, 'yan dangin Tettigoniidae, waɗanda ake yawan ɗauka gyare ne. A nan sai a ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafa: nasu huɗu ne, na gyare uku. Suna ɗora fukafukansu kamar jinkar ɗaki, shi kuwa gyare nasa a kwance suke a gadon baya, gefen ya lanƙwasa ƙasa kamar murfin akwati, kuma yawanci na dama ne ke kan na hagu.

Mace da namiji ba su da wuyar ganewa. Macen tana da wani tsinke a tsakanin jelolin biyu, kamar allura ko ƙaramin mashi, da shi take soka ƙwai cikin ƙasa ko cikin karan tsiro. Namiji ba shi da shi, amma fiffikensa na gaba cike yake da jijiyoyi masu karkacewa, alhali na mace jijiyoyin sun tafi a jere kamar saƙa. Wanda bai gama girma ba, wato mai guntayen fiffike da bai gama saɓa ba, bai cika amfani wajen tantance nau'i ba, don siffofin da ake nema ba su fito ba tukuna.

Ƙafar baya da dangogi

Wajen raba dangi da dangi, babu gaɓar da ta kai ƙwaurin ƙafar baya amfani. Ana duba ƙayoyin da ke jere a kansa, yawansu da tsawonsu, ko kafaffu ne ko suna motsi, da kuma ƙaimin da ke bakin ƙwaurin. Gyaren fili da na gida, 'yan reshen Gryllinae, suna da ƙayoyi gajeru masu ƙwari, da kai kewayayye mai sheƙi. 'Yan Nemobiinae ƙanana ne, da wuya su wuce santimita ɗaya da 'yan kai, ƙayoyinsu dogaye masu motsi, jikinsu da gashi tsaitsaye. Gyaren bishiya na jinsin Oecanthus kuwa ba ya kama da sauran ko kaɗan: siriri ne, fari-fari ko kore-kore, kansa ya miƙe gaba, ƙafafunsa kamar tsinken tsintsiya, da ƙananan haƙora a tsakanin ƙayoyin. A Amurka ana bambance nau'o'insa da baƙaƙen ɗigogi da layukan da ke kan gaɓoɓi biyu na farko na ƙaho, abin da sai da gilashin ƙara girma ake gani.

Dangin Mogoplistidae jikinsu a rufe yake da ɓawo mai laushi irin garin da ke kan fiffiken malam-buɗe-littafi, yana gogewa a yatsa. Dangin Myrmecophilidae suna zaune a gidan tururuwa, ba su wuce 'yan milimita ba, babu fiffike, babu kunne, sai cinya mai kauri.

Mafi saukin ganewa shi ne dangin Gryllotalpidae, masu rayuwa a jiƙaƙƙiyar ƙasar fadama da bakin rafi. Ƙafafunsu na gaba sun zama kamar hauya mai yatsu, garkuwar wuyansu doguwa ce mai tauri, jikin da gashi mai laushi, ƙahonnin gajeru, kuma macen ba ta da allurar ƙwai a waje. Ko a nan ƙirge ake yi: jinsin Gryllotalpa, wanda ake samu a Afirka da Turai da Asiya, yatsun haƙansa huɗu ne, na jinsin Neoscapteriscus na Kudancin Amurka biyu.

Nau'o'i huɗu da aka fi cin karo da su

Brachytrupes membranaceus shi ne ƙaton gyaren Afirka kudu da Sahara, tsawonsa santimita 4 zuwa 5, mai ƙaton kai, launinsa ƙasa-ƙasa mai sheƙi. Yana haƙa rami mai zurfi a ƙasa mai rairayi, ya tara turɓaya a bakinsa, da dare ya fito ya datse ƙananan shuke-shuke ya ja su ciki. Shi ne yara ke bin kukansa da damina su tona su gasa. Wanda ya taɓa riƙe shi ya san ƙarfin shurinsa da kaifin ƙayar ƙafarsa. Wata alama da ta keɓanta da shi ita ce allurar ƙwan macen gajera ce ƙwarai, har mutum ya zaci namiji ya kama, domin a cikin raminta take ajiye ƙwai, ba ta bukatar soka shi da nisa.

Gryllus bimaculatus, wanda Charles De Geer ya bayyana a 1773, baƙi ne, santimita 2 zuwa 3, da tabo biyu rawaya a gindin fukafukai, daga nan sunansa ya samo asali. Acheta domesticus, gyaren gida, tsawonsa milimita 16 zuwa 21, launin kara busasshe, da baƙaƙen layuka da suka gitta kai. Gryllodes sigillatus ya fi shi ƙanƙanta. Fiffiken namijin rabin ciki kawai ya rufe, macen kuwa kusan babu, kuma yana da baƙaƙen ɗamara biyu a gadon baya. Shi ne mai shiga tsagar bango a ƙasashe masu zafi.

Inda launi ke yaudara

Mai koyo yakan jingina da launi da girma, su ne kuma mafi raunin shaida. Gryllus bimaculatus ɗin nan akwai masu fitowa ja-ja, tabonsu ya dusashe. Abinci da zafi da cunkoso suna sauya girman jiki. A nau'i guda, har a 'ya'yan uwa ɗaya, ana samun masu dogon fiffiken baya da ke tashi zuwa fitila da masu gajere da ba sa tashi. Wanda ya saɓa yanzu-yanzu fari fat yake har sai jikinsa ya bushe.

Saboda haka, idan aka zo matakin nau'i, masana sukan koma ga gaɓoɓi biyu na namiji. Ta farko ita ce kayan kukansa. A ƙarƙashin fiffiken sama akwai jijiya mai jerin haƙora kamar magagari, a gefen ɗaya fiffiken kuma akwai wani kaifi da ke kankare ta idan ya rufe fukafukan. Kusa da su akwai fatu biyu masu ɗaga sauti, ɗaya mai kusurwa uku da jijiyoyi suka ratsa kamar tsirkiya, ɗaya kewayayya da ake kira madubi. Ana ƙirga haƙoran magagarin, a auna tsawonsa, a ƙirga jijiyoyin da suka ratsa fatar, a duba ko madubin a rabe yake. Wasu nau'o'in haƙoransu ba su kai 50 ba, wasu sun haura 200. Gaɓa ta biyu ita ce al'aurar namiji, wadda ake cirowa a wanke a duba a ƙarƙashin na'urar ƙara girma. Ƙugiyoyinta da farantanta suna da fasali na daban a yawancin jinsuna, kuma a kanta aka gina bayanin nau'o'in Afirka da dama.

Inda ido ya gaza

Tarihin gyaren filin Amurka ya nuna iyakar wannan hanya. A 1915 James Rehn da Morgan Hebard sun duba tarin samfura, suka ga siffofin sun shiga juna ba iyaka, suka yanke cewa duka nau'i ɗaya ne, Gryllus assimilis. Haka aka tafi har B. B. Fulton a 1952 da Richard Alexander a 1957 suka saurari kukansu, suka nuna nau'o'i ne daban-daban masu zama kusa da juna ba tare da haɗuwa ba. Biyu daga ciki, Gryllus veletis da Gryllus pennsylvanicus, ko kukan ma iri ɗaya ne. Lokaci ne ya raba su: na farko yakan wuce hunturu yana ƙarami ya balaga da bazara, na biyu yakan wuce shi a ƙwai ya balaga a ƙarshen lokacin zafi. A Faransa ma ta kuka ne Henry Bennet-Clark ya ware Gryllotalpa vineae daga wani nau'i mai kama da shi a 1970. Mai naɗar kuka dole ya rubuta zafin wurin, don gyare yana ƙara sauri idan iska ta ɗumama.

Siffar kanta tana iya sauyawa cikin 'yan shekaru. A tsibirin Kauai na Hawayi, wani ƙuda mai suna Ormia ochracea yana bin kukan Teleogryllus oceanicus ya zuba masa tsutsa. Marlene Zuk da abokan aikinta sun tarar a 2003 cewa yawancin mazan sun rasa magagari da madubi, fiffikensu ya koma kamar na mata, sun yi shiru. Wanda ya bi littafi kawai zai iya ɗaukar su wani nau'i. Yau ana haɗa siffa da kuka da binciken ƙwayoyin gado, ana kuma tara sunayen a kundin Orthoptera Species File da ke intanet, wanda Daniel Otte ya assasa.

Amfanin tantancewa

Manomi yana bukatar sanin wanda ke datse masa shuka, don mai rami da mai yawo a sarari ba hanya ɗaya ake bi da su ba. Masu kiwon gyare su ma sun ɗanɗana. Wajen 2009 zuwa 2010 wata cuta ta karkashe Acheta domesticus a gonakin kiwo na Arewacin Amurka, masu kiwo suka koma ga Gryllodes sigillatus da wasu 'yan jinsin Gryllus. Ɗaya daga cikin waɗanda ake sayarwa ma ba shi da suna sai a 2012, da David Weissman da David Gray suka raɗa masa Gryllus locorojo. Tarayyar Turai da ta amince da gyare a matsayin abinci a 2022, da sunan Acheta domesticus ta rubuta izinin. A Kenya kuwa, wani gyare da ake kiwo ana ci sai a 2018 aka tabbatar sabon nau'i ne, bayan an duba kansa da al'aurarsa da kukansa, aka sa masa Scapsipedus icipe don girmama icipe, cibiyar nazarin ƙwari ta Nairobi.

Mai son a tantance masa samfuri ya nemi balagaggen namiji da ƙafafunsa na baya cikakku, domin gyare yakan yar da ƙafa idan aka kama shi ta nan. A sa shi a barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, a rubuta da fensir wurin da aka kama shi, da rana, da irin ƙasar, da lokacin da aka ji yana kuka, a saka takardar cikin kwalbar tare da shi.