Yoga a ƙauye: wane aji ne ya dace da jikinka?

Wani ƙanena a ƙauyenmu, gefen Ringim, ya ga bidiyon wani Ba'indiye ya kafa kai a ƙasa ƙafafu a sama. Da yamma sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jingina da bango, ya ce shi ma zai gwada. Mako biyu ya yi ba ya iya waiwayawa, sai dai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Ga tambayoyin da matasan da suka zo duba shi suka yi ta yi mini.

Wai mece ce yoga ɗin?

Motsa jiki ce da ta samo asali a Indiya, mai haɗa miƙa gaɓoɓi, tsayuwa a yanayi ɗaya na ɗan lokaci, da sarrafa numfashi. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranarta.

Musulmi zai iya yi?

Wannan ce tambayar da aka fi yi, kuma da gaskiyar masu yin ta. Yoga ta taso cikin addinin Hindu. Akwai azuzuwan da ake rera kalmar "om", akwai kuma jerin motsi da ake kira gaisuwar rana. A 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yogar da ta ƙunshi irin waɗannan abubuwa. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ma ta hana mai ibadar Hindu a ciki, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa ta sa ta cikin wasanni a 2017. Ni dai shawarata, kalli darasin har ƙarshe kafin ka bi shi. In ka ji rera-rera ko ka ga abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, bar shi, ka tambayi malaminka.

Mu da ba mu da wurin koyo fa?

Sai a manyan birane ake samun ajin ido da ido. Namu ajin, in za a faɗi gaskiya, YouTube ne. Illarsa, malamin da ke cikin waya ba ya ganinka. Ba zai ce "gwiwarka ta karkace" ba. Don haka zaɓen darasi ya fi nauyi a kanmu fiye da ɗan birni.

Sunayen sun yi yawa. Wanne zan danna?

Nan ne mutane ke faɗawa rami. Hatha ita ce ta masu farawa: a hankali ake yi, a tsaya a kowane yanayi a ja numfashi sau da dama. Iyengar, wadda ta ci sunan malamin da ya kafa makarantarsa a birnin Pune, ta fi kula da daidaita gaɓa, kuma tana amfani da abin tallafi kamar igiya, bargo, kujera da bango. Ga mai ciwon baya ko mai taurin jiki na fi son ta, domin ba a tilasta hannu ya kai ƙasa. In bai kai ba, a ɗora shi a kan bulo. A gida, kujerar tsugunno da rawani ko zane sun wadatar.

Vinyasa motsi ne a jere ba tsayawa, tana sa haki. Ashtanga ta fi ta tsanani, jeri ɗaya ake maimaitawa kullum, kuma tana cin kafaɗa da wuyan hannu. Waɗannan biyun sai bayan jiki ya saba na wasu watanni.

Akwai kuma Bikram, wadda ake yi minti 90 a ɗakin da aka ɗumama zuwa kusan digiri 40. Wanda ya san zafin Afrilu a Haɗeja ko Gumel ya san ɗakin kwano yakan kai haka da kansa. Kada ka yi kowace irin yoga a cikinsa da tsakar rana, balle da azumi a bakinka. Bayan asuba, kafin kari, ya fi.

Ni manomi ne, da ƙarfina. Sai na fara daga na 'yan koyo?

Ƙwarai. Ƙarfi daban, laushin gaɓa daban. Wanda ya shekara ashirin yana sunkuye da fartanya yana iya saɓa buhun gero, amma jijiyoyin bayan cinyarsa sun ɗaure, ƙugunsa kuma ya gaji da lanƙwasa. Darasin da ke cewa a yi ta sunkuyawa a taɓo yatsun ƙafa shi ne abin da bayansa ba ya buƙata. Ya nemi mai kwanciya rigingine, da miƙa ƙirji, da ƙarfafa ciki. Haka mace mai wuni a kan ɗinkin hula ko saƙar tabarma: wuyanta da kafaɗunta ne ke kuka, can za ta fara.

Muna da wata riba kuma. Zaman harɗe da tsugunno da Turawa ke shan wahalar koya, mu da su muka tashi.

Wa ya kamata ya ga likita tukuna?

Mai juna biyu, mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin ido. Masu hawan jini na jiki ko na ido su nisanci duk yanayin da kai ke ƙasa da ƙugu. Wanda ciwon bayansa ke sauka har ƙafa, ko ƙafar ke yin sanyi kamar ba tasa ba, asibiti zai nufa, ko na Birnin Kudu ko na ƙashi da ke Dala, a haɗa shi da likitan gashin ƙashi.

Baba da Inna fa?

Akwai yogar kujera, a zaune ake yin ta. Minti goma ya isa, a samu jika ya tsaya kusa.

Ta yaya zan gane darasin ya fi ƙarfina?

Numfashi ne ma'auni. In kana riƙe shi, ko ba za ka iya amsa sallama a cikin yanayin ba, ka wuce gona da iri. Jan jijiya mai ɗan daɗi ba laifi, amma zafi mai suka a gwiwa, wuya ko ƙugu alamar tsayawa ce nan take. Nemi malamin da ke nuna hanya mai sauƙi ga kowane motsi, darasin kuma kada ya wuce minti 20 a farko. Tabarmar roba tana zamewa a kan siminti, don haka ka shimfiɗa ta a kan ƙasa, ka cire safa.