An yi wa murɗaɗɗiyar ƙafa aiki: yaushe za a taka?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Ƙashi na Dala ya ga irinsu: saurayin da aka haifa da ƙafa a murɗe, ya girma yana takawa da gefenta har wurin ya yi kanta, ko wanda shan inna ya lanƙwasa wa ƙafa tun yana goye. Ga abin da dangi suka fi tambaya bayan an fito daga tiyata.

Me aka yi wa ƙafar ne?

Jariri ana miƙar masa da ita ne da siminti, ana canzawa duk mako, domin ƙashinsa ɗanye ne. Babba kuwa ƙashi ya riga ya ƙosa. Sai likita ya yanke shi, ya daidaita, wani lokacin ya haɗe gaɓoɓi uku na wajen dunduniya su zama guda, ya kafe su da kusoshi. Wasu ana sa musu ƙarfen nan mai zobba da ake kira Ilizarov, ana murza shi kamar milimita 1 kowace rana har ƙafar ta miƙe.

Yaushe zai fara takawa?

Nan ne ake yin ɓarna. Galibi akan yi mako 6 ko fiye ba a ɗora wa ƙafar nauyi ko kaɗan, haɗuwar ƙashin kuma takan ɗauki wajen wata 3. Ciwo yakan lafa tun kafin ƙashi ya kama, sai majinyaci ya ɗauka ya warke, ya ajiye sanda ya taka zuwa ƙofar gida. Wannan 'yar tafiyar tana iya gocar da ƙashin, aikin da aka sayar da fili aka biya ya dawo sabo. Hoton ƙashi ne kaɗai ke nuna ya kama, don haka a bar likita ya ce a taka.

Kumburin fa?

A ɗora ƙafar a kan filo biyu ko uku, ta ɗara ƙirji tsawo, musamman makonni biyun farko. Kumburin yamma yakan yi watanni yana zuwa yana tafiya. Amma idan yatsu suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, ko ciwo ya ƙi jin magani, ko simintin ya fara wari, ko zazzaɓi ya taso, a tari Adaidaita a koma asibiti ko tsakar dare ne. Haka ma ciwo a sha-raɓa ko sarƙewar numfashi, domin jini yakan daskare a jijiya.

Zafin Kano na watan Afrilu yana sa ƙaiƙayi a cikin siminti. Don Allah kada a zura tsinken tsintsiya, yana fasa fata ba a gani ba.

Alwala da banɗaki fa?

Malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, kuma sallah a zaune ta halatta ga mai larura. Ruwa dai kada ya taɓa simintin. Tsugunno ba zai yiwu ba, a tanadi kujera mai huda tun kafin a sallamo shi.

Za a iya haɗawa da mai ɗori?

A'a. Murza da jan da yake yi na iya wargaza abin da aka kafe. Gashin ƙashi na asibiti shi ne zai dawo da ƙarfin ƙafar bayan an cire siminti. Mai shan sigari ya daina, tana hana ƙashi haɗuwa. Mai ciwon suga kuma ya tsare awonsa.

Za ta dawo kamar ta kowa?

Gaskiya ba lallai ba. Gaɓar da aka haɗe ba ta ƙara juyawa gefe, ƙafar kuma takan ɗan fi 'yar uwarta ƙanƙanta, har wani sai an yi masa takalmi na musamman. Abin da ake nema shi ne tafin ƙafa ya zauna daram a ƙasa, ciwo ya ragu, takalmi ya shiga. Kafin tafiya ta daidaita sosai akan kai shekara guda.