Adana shadda da takalman fata a Yamai da Tawa

Adana tufafin ado shi ne hanyoyin wanki, bugu, ninkewa da ajiya da ake bi don shadda, leshi, rawani da takalman fata su daɗe ba su mutu ba. A Yamai da Tawa an fi ba shadda muhimmanci, wadda ake kuma kira bazan, domin ita ce kayan sallah, biki da suna, kuma babbar riga guda takan ci kuɗin da iyali suka daɗe suna tarawa. Masu wanki da guga sun yarda cewa yawan wanki, rana da gumi sun fi sakawa kashe tufa.

Shadda da ƙyallinta

Shadda ta gaske auduga ce zalla, kuma zanen da ke jikinta a saƙa yake. Wadda ta fi suna a kasuwannin Yamai ita ce ta kamfanin Getzner da ke Bludenz a ƙasar Ostiriya, wanda asalinsa ya koma shekarar 1818. Akwai masu araha daga Sin, akwai kuma farar shadda da ake rinawa da hannu a Bamako. Ƙyallin yana samuwa ne a masaƙa, inda ake matse yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi har zaren ya kwanta. Ruwa na kumbura zaren auduga, shi ya sa duk wanki sai ya rage wani abu daga ƙyallin.

Saboda haka ba a wanke shadda duk sakawa. Idan aka dawo daga idi ko ɗaurin aure, a rataye ta a inuwa ta sha iska, a goge wuya da hammata da tsumma mai ɗan danshi. In wanki ya kama, ruwan sanyi ne da sabulu mai laushi, ba jiƙawa ta kwana, ba cuɗa da ƙarfi, ba murɗawa. Ruwan Javel, wato bilic, yana cin launi, yana kuma raunana zaren ko da rigar fara ce. Rinanniya ana wanke ta ita kaɗai don takan zuba a wankin farko. Shanya kuwa a bai-bai ake yi, a inuwa. Ranar Afrilu da Mayu a Yamai, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana koɗar da shuɗi da ja da wuri.

Bugu

Bugu ne ke mayar da ƙyallin da ruwa ya tafi da shi. Ana tsoma rigar a ruwan ƙaro ko sitaci, ta bushe, a yayyafa mata ruwa kaɗan, a ninke, a ɗora kan gungumen itace mai santsi. Mutum biyu suna zaune fuska da fuska, suna sauke gudumar itace ɗaya bayan ɗaya, suna juya ninkin har ko'ina ya samu. Aikin da injin masaƙa ya yi da ƙarfe, shi suke maimaitawa da hannu. Wannan sana'a ce da ta cancanci a girmama ta, domin gwanin bugu ya san inda zai sassauta hannu, musamman kan aikin wuya da aljihu, inda guduma ke iya tsinka zare. Ƙaro in ya yi yawa rigar takan yi tauri ta karye a bakin ninki, kuma karayar ba ta gyaruwa.

Wanda ya zaɓi guga ya duba alamar da ke jikin tufa: ɗigo ɗaya zafi kaɗan ne, biyu matsakaici, uku mai yawa. Auduga na jure uku, amma zaren aikin keke da leshi sau da yawa na roba ne, yana narkewa. A goge su ta baya, a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakani. Dutsen guga na gawayi yana buƙatar lura, toka ko tartsatsi ɗaya ya isa ya huda riga.

Rawanin turkuɗi, wanda ake rinawa da baba a Kura kusa da Kano kuma Buzayen yankin Tawa ke ji da shi, ba a saba wanke shi ba, don shunin da ke kwance a kansa shi ne darajarsa. Naɗe shi ake yi a takarda, nesa da fararen kaya.

Ajiya

Tufar da za ta daɗe a akwati a wanke ta, ta bushe sarai, kuma kada a sa mata sitaci, domin kyankyasai da sauran ƙwari shi suke bi. Daga Yuni zuwa Satumba danshin damina na kawo fumfuna, ya fi tsanani a unguwannin Yamai na bakin kogi. Leda na riƙe danshi, tsohon zanen auduga ya fi ta. Akwatin ƙarfe a ɗora shi kan bulo saboda gara, a shimfiɗa masa ƙyalle saboda tsatsa. Turare mai maiƙo a shafa shi a jiki, don a kan shadda tabo yake bari.

Takalman fata

Fatar da dukawan Tawa da na cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata a Yamai ke aiki da ita, majema ne ke jeme ta da bagaruwa, kuma ta jar akuyar Maraɗi ta yi suna wajen laushi da ƙarko. Irin wannan fata maƙiyanta biyu ne. A hunturu iska na tsotse maiƙonta har ta tsage, sai a share ƙura da busasshen tsumma a shafa man kaɗanya kaɗan, a sani cewa zai ɗan duhunta launi. A damina kuma ruwa ne: takalmin da ya jiƙe a cusa masa takarda, ya bushe a inuwa, domin rana ko wuta na ƙanƙance shi ya yi tauri. Jan launin karan dafi yana zuba in ya sha ruwa. Jiƙaƙƙiyar fata in ta taɓa ƙarfe mai tsatsa tana yin baƙin tabo, saboda sinadarin bagaruwa na haɗuwa da ƙarfe, kuma da wannan haɗin ne dukawa ke samun baƙin rini.

Takalmin da aka wuni da shi yana son hutun kwana guda gumi ya fita. Tafinsa in ya fara cinyewa a kai wa mai gyara ya ƙara masa roba tun ɗinkin bai kai ƙasa ba.