Jakar Goyon Ƙananan Karnuka

Jakar goyon kare jaka ce ta baya da ake ɗinkawa musamman domin mutum ya ɗauki ƙaramin kare a doguwar tafiyar ƙasa, hawan dutse ko yawon daji. Daga Turai da Amurka ta fito, inda fita yawon duwatsu da kare ya zama ruwan dare, kuma takan shigo Najeriya ta kasuwannin intanet da dilolin gwanjo. Sunan kan haɗa abu biyu masu aiki daban: jakar da ake saka kare a ciki a goya shi, da wadda ake ɗora wa karen kansa, mai aljihu biyu dama da hagu kamar mangalar jaki. Ga ƙananan karnuka, ta farkon ce ta fi amfani.

Karnukan da ake yi wa ita

Ana nufin karen da nauyinsa bai wuce kilo 10 ba. Chihuahua da Pomeranian galibi ba sa haura kilo 3 ko 3 da rabi, Lhasa Apso, wanda asalinsa ƙasar Tibet ne kuma ake yawan ajiye shi a gidajen Najeriya, yakan kai kilo 6 zuwa 8. A Zariya an fi ganin irin waɗannan a wajen Samaru, rukunin gidajen ma'aikatan jami'a, Jiyare (GRA) da Sabon Gari. Karen farauta na gida, mai dogayen ƙafafu da ya saba bin maharba wuni guda, ba ruwansa da jaka. Ƙaramin kare kuwa, takun mutum ɗaya sai ya yi uku ko huɗu kafin ya cimma sa, ga cikinsa dab da ƙasa, duk zafin da fako ko falalen dutse ke fitarwa a jikinsa yake sauka. Saboda haka amfanin jakar shi ne hutu: kare ya taka inda zai iya, a goya shi inda hanya ta yi tsauri ko ya gaji. Tana kuma taimakon tsohon kare da ɗan kwikwiyon da ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Ire-irenta

Akwai mai kama da akwati, gindinta a shimfiɗe da ƙarfi, kare na iya zama, ya juya, ya kwanta. Akwai ta tsaye, wadda kare ke zama a miƙe kamar jariri a bayan uwa, kansa da ƙafafun gabansa a waje bisa kafaɗar mai goyo. Akwai kuma ta gaba, da ake ratayawa a ƙirji, wadda ta dace da 'yan ƙanana sosai amma takan tare wa mutum ganin inda zai sa ƙafa, abin da ba a so a gangaren dutse.

Ta tsaye ta fi ban sha'awa a hoto, sai dai zaman da take tilasta wa kare ba zamansa ba ne, nauyinsa duka kan koma kan ƙugu da ƙashin baya. Karnuka masu dogon baya da gajerun ƙafafu irin Dachshund, waɗanda aka san su da ciwon faifan ƙashin baya, gara a sa su a mai shimfiɗaɗɗen gindi. Sai wata da ta cika kasuwa, mai taga ta roba kamar ƙwallon gilashi da 'yan ramukan iska. Wannan a ranar Zariya tanderu ce.

Zafi

Yawancin jakunkunan nan an tsara su ne a ƙasashe masu sanyi, kuma a nan ne mai saye a Zariya ya kamata ya fi tsayawa. Kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, sai ɗan abin da ba a rasa ba ta tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa, wato zaro harshen nan da yake yi yana jan iska da sauri. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya a ma'aunin Selsiyos, idan ya kai 41 an shiga haɗarin da kan iya kaiwa ga mutuwa. Kare a cikin jaka yana tsakanin wuta biyu: rana daga sama, bayan mai goyo da ke tafasa da gumi daga gefe. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da bazara ke kan ganiyarta, ba a daɗewa ake kaiwa ga wannan haɗari.

Shi ya sa abin dubawa na farko shi ne raga. Jaka mai kyau tana da raga mai faɗi aƙalla ta gefe biyu, yadda iska za ta shiga nan ta fita can, yadinta kuma mai haske, don baƙi na shan rana. Karnuka masu taƙaitaccen hanci irin Pug da Shih Tzu dama numfashinsu da ƙyar ne, su suka fi saurin faɗuwa, haka ma masu yalwar gashi.

Alamomin cewa zafi ya yi wa kare yawa sun haɗa da haki mai ƙarfi da ba ya lafawa, miyau mai yauƙi, dasashi ya yi jajir, tangaɗi, amai. Da an ga haka sai a fito da shi, a kai shi inuwa, a riƙa kwara masa ruwa mai sanyi a ciki da hammata da cinyoyi ana yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in yana iya sha. Ba a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, don zanen kan riƙe zafi. Daga nan sai likitan dabbobi, ko da ya farfaɗo, saboda illar kan bayyana daga baya a ƙoda da hanji. Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru.

Lokacin fita da ya fi dacewa shi ne bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Hunturu ya fi sauƙi, duk da ƙurar da kan dami idon kare idan kansa na waje.

Awo da zaɓe

Awo biyu ake yi da tef ɗin tela: tsawon baya daga gindin wuya zuwa tushen wutsiya, da kewayen ƙirji ta bayan ƙafafun gaba. Nauyi kuwa, mutum ya hau sikeli riƙe da karen, ya sake hawa shi kaɗai, ya cire. Kowace jaka tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata. Wadda ta yi faɗi da yawa kare zai riƙa zamewa a ciki duk taku, wadda ta matse za ta hana shi juyawa.

A cikin jakar akwai gajeriyar igiya mai ƙugiya. A ɗamarar ƙirjin kare ake maƙala ta, ba a maɗaurin wuya ba, domin idan kare ya hango akuya ya yi tsalle, a wuya zai rataye. Ƙananan karnuka irin Pomeranian dama maƙogwaronsu ba ƙwari. Zif ma a duba shi, wasu karnukan kan tura shi da hanci su buɗe. Shi kuma mai goyo yana buƙatar maɗauran kafaɗa masu katifa da ɗamarar ƙugu, tunda kaya mai rai ba ya zama wuri ɗaya, kuma kilo 7 da ke motsi a kan gangare ya isa ya kayar da mutum. Wanda ya sayi ta gwanjo ya wanke ta da ruwan zafi ya shanya a rana tukuna, saboda ƙuma da cututtukan karen da ya riga amfani da ita. Telan jaka na iya faɗaɗa raga ko sa wa gindin allo mai ƙarfi.

Mangalar kare

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce lafiyayyen kare baligi ya fara da ɗaukar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kada ya wuce kashi 25 ko da ya goge. Ga kare mai kilo 6, kashi 10 giram 600 ne har da nauyin mangalar kanta, wato da ƙyar zai ɗauki ledar fiya wata guda, mai giram 500. Lissafin kaɗai ya nuna cewa ga ƙaramin kare abin ya fi kusa da ado, ga shi tana rufe masa baya tana ƙara zafi. In za a sa, nauyin gefe biyu ya zama daidai, ya sauka a kafaɗa, a bar wurin yatsa biyu tsakanin maɗauri da fata. Kwikwiyo da tsohon kare ba a ɗora musu komai.

Sabo da fita

Ba ranar tafiya ake fara saka kare a jaka ba. Ana ajiye ta a buɗe a tsakar gida kwana biyu ko uku, da ɗan nama a ciki, har ya shiga da kansa. Sai goyo na minti biyar, sai zagayen unguwa. A hanya kuma a riƙa sauke shi akai-akai ya miƙe ƙafa, ya yi fitsari, ya sha ruwa.

A wuri irin Dutsen Kufena, kusa da Wusasa, falalen dutse kan yi zafin da zai sale tafin ƙafar kare. Gwajin da aka saba shi ne a ɗora bayan hannu a kai, in ba a iya jure daƙiƙa bakwai ba, lokacin goyo ya yi. A ciyawar gindin dutse akwai ƙarangiya da tsidau masu shiga tsakanin yatsu, da kaska, musamman da damina, da kububuwa a ƙarƙashin duwatsu. Bayan an dawo sai a bi kunnuwa, hammata da tsakanin yatsu da hannu. Allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake farawa daga wata uku, wajibi ce kafin a fita da shi inda zai gamu da karnukan gari.

A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa kare mai rai ba najasa ba ne, kuma malamai sun halatta ajiye shi don farauta da gadin dabbobi ko gona. Duk da haka jama'a da dama ba sa son ya taɓa musu tufafi, mai Keke Napep na iya ƙin ɗauka, yara kuwa sai sun yi dandazo su ga kare a goye. A kasuwa ko cikin abin hawa, jakar da ke rufuwa ruf da raga ta fi ta tsaye, wadda kan kare ke waje daidai fuskar wanda ke bayanka.